Buhun Geron Da Ɗanasabe Ya Mayar

Ranar da buhun geron ya iso, Harira ba ta gama jin bayanin mai keken ba ta riga ta warware bakinsa ta tsoma hannu a ciki har gwiwar hannu. Mai keken ya ce saƙo ne daga Alhaji Isiyaku na Unguwar Dosa, mai shagon hatsi a Babbar Kasuwa, wanda mijinta Ɗanasabe yake wa dako da baro. Zakkar gonarsa ce ta bana, in ji shi. Ya tayar da kekensa ya bar ta durƙushe a ƙofar gidan hayarsu na Rigasa, tana shinshina tafin hannunta kamar wadda ta yi arba da ɗan'uwa bayan dogon rabo.

Ƙamshin nan ya ɗauke ta cak ya kai ta Tungar Marke, ƙauyensu na can ƙasar Zamfara, a lokacin kaka, sa'ad da masussuka take cika da mata da waƙa da ƙaiƙayi. A irin wannan lokaci ta fara ganin Ɗanasabe, dogo, baƙi, da dami a ka, yana tafe kamar ba ya ɗauke da komai. Ya gasa tumu ya aiko mata ta hannun ƙanwarsa, ita kuma don kunya ta ɓoye shi cikin zane har ya huce, sannan ta lallaɓa bayan ɗaki ta cinye shi ita kaɗai, zuciyarta tana bugawa kamar ta yi sata.

Shekara guda da wani abu ke nan da suka baro garin. 'Yan bindiga ne suka shigo bayan an gama kai amfani gida, kowa ya yi ta kansa. Su dai sun fito da kayan jikinsu, da 'yarsu Tani a goye. Rumbu uku suka bari cike da gero da dawa, an liƙe bakinsu da laka. Da damina ta faɗi, ƙaninta Nasiru ya koma wai ya ɗebo musu ko buhu guda ne. Har yau wayarsa ba ta shiga.

A Kaduna kuwa abin da baro ya kawo shi ake ci. Wata rana a ɗora tukunya, wata rana a jiƙa garin kwaki a yi hamdala. Don haka Harira ba ta yi wata-wata ba, ta ɗebi mudu guda ta kai inji, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Tani ta ci har ta yi barci da loma a hannu. Harira ta zauna tana kallon cikin yarinyar yana hawa yana sauka, tana ta sa wa Alhaji Isiyaku albarka, mutumin da ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba.

Bayan la'asar Ɗanasabe ya yi sallama, ya jingine baronsa. Idonsa ya faɗa kan buhun.

"Wanga buhu hwa?"

"Sannu da zuwa, Baban Tani. Alhajinku ya aiko muna. Zakkar gonarshi ce."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ga fuskarsa ta sauya, irin sauyin da ba ta gani ba ko ranar da suka kwana a daji.

"Zakka? Ni Ɗanasabe na Tungar Marke anka aiko ma zakka?"

"To mene ne a ciki? Ga tuwo nan ma na tuƙa, zauna ka..."

"Kin tuƙa?" Ya dafe kai. "Harira, kin manta ko ni wane ne? Tun ina bin Baba gona, in munka jera damma, na goma ware shi muke yi gefe guda, ko gida ba ya shiga, daga gona sai ƙofar mai shi. Ni ke fiddawa, ba ni ake ba. Mutum mai rumbu uku cike ya ci zakka, ai haram ya ci, haƙƙin wani ya danne. Kina so in tashi gaban Allah da geron marayu a cikina?"

Ta buɗe baki za ta ce masa rumbunan nan wa ya sani ko suna nan, wa ya sani ko toka ce yanzu. Sai ta haɗiye maganar. Ta san rumbunan nan su kaɗai suka rage masa. Idan ya dawo daga kasuwa kafaɗunsa sun yi tsami, yaran da ba su kai ƙaninsa ba sun yini suna ce masa "kai mai baro", da su yake rarrashin kansa. Ba za ta zama ita ce mai rushe su ba.

Bai taɓa tuwon ba. Ya fita, ya sayo mudun gero da ɗan abin da ya samo a ranar, ya juye a buhun don ya cike gurbin wanda ta ɗiba, ya zauna ya ɗinke bakinsa da basilla. Da gari ya waye ya ɗora shi a baro, ya tura shi tun daga Rigasa har Babbar Kasuwa.

Da ya dawo da yamma jikinsa a sanyaye yake. Ya ce Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai dube shi ya ce shi wannan buhu ya riga ya fita daga dukiyarsa, ba ya komawa cikinta, a jingine shi can lungu shi kaɗai. Daga nan ya sunkuyar da kai yana murza hula. Can ya ɗago.

"Ran Asabar zan tahi gida."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi.

"Na yi magana da Mubarak direba, zai biyo ya ɗauke ni. In munka kai kasuwar gefenmu in hau mashin. Tunda har an fara ganina abin a ba zakka, gara in je in buɗe rumbuna in ɗebo abina."

"Hanyar da Nasiru ya bi?"

"Nasiru yaro ne, da tsakar rana ya shiga. Ni na san ta cikin rafi."

"Baban Tani, don girman Allah..."

"Haba uwar gida, ke da ba ki da tsoro? Ko kin zama 'yar birni?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya jawo buhunan wofi da ya aro a kasuwa ya fara ninke su.

Washegari Harira ta goya Tani ta nufi gidan Malam Shamsuddeen, limamin masallacin layinsu, inda matarsa Malama Jamila take karantar da matan aure da hantsi. Ta jira har mata suka watse. Tana fara magana kuka ya ƙwace mata, ta rinƙa kawo zancen a tsintsinke, buhu, rumbu, Asabar, Nasiru. Malama Jamila, gajeriyar mace mai faɗin fuska da saurin baki, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Mu nan kullum sai mun sha fama da masu ƙoshi suna rantsuwa su mabuƙata ne, yau kuma ga mai yunwa yana rantsuwa shi attajiri ne. Ke 'yar Zamfara, ina kika samo wannan miji? Akwai sauran irinsa a garinku?"

Harira ta yi murmushi cikin hawaye. "Malama, da gaske haram ce gare mu? In haram ce, ni na ci, na ba ɗiyata."

"Halal ɗinku ce, kamar nonon uwa. Amma ba daga bakina zai ji ba, na san irinsu. Share fuskarki. Bari Malam ya shigo."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Ɗanasabe ya fita da tabarma, Harira kuma ta matso bayan labule ta zauna, Tani a cinyarta. Ta cikin ɗan yagewar labulen tana hango Malam Shamsuddeen, siriri, da furfura a gemu, ya ajiye wani kwanon sha fanko a gabansa. Suka gaisa, suka taɓa zancen tsadar kaya, sannan Malam ya tura kwanon gaba.

"Malam Ɗanasabe, roƙo na zo yi. An ce mini a layin nan akwai mai rumbu uku cike da hatsi. Ni kuwa gidana baƙi sun sauka. Taimaka mini da cikin kwanon nan."

Ɗanasabe ya yi dariyar jin kunya. "Allah gafarta Malam, ai suna can gida."

"To aika a ɗebo. Ina jira."

"Ba mai zuwa, Malam."

"Sayar mini da ɗaya, in ba ka kuɗin yanzu."

"Wa zai sayi abin da ba ya iya zuwa ya ɗauka?"

"Af! Ashe." Malam ya jawo kwanonsa ya kife. "Ba ka iya ci, ba ka iya sayarwa, ba ka iya ba maroƙi. Ɗan'uwana, rumbunan naka ne, ba wanda ya ce ba naka ba ne, Allah ya tsare maka su. Amma yau hannunka bai kai gare su ba. Zakka ba mu muka raba ta ba, balle mu ce wane ya yi kama da mai karɓa, wane bai yi ba. Allah da kansa ya faɗi mutum takwas. A cikinsu akwai wanda ba shi da abin da zai ishe shi, wannan kowa ya san shi. Akwai kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba, ko da a garinsu shi ne mai kuɗin gari. Kai ta kowace ƙofa ka biyo, a buɗe take."

"Ni ba matafiyi ba ne, Malam. Shekara guda ina nan."

"Ka zo Kaduna don ka zauna?"

Ɗanasabe ya sunkuyar da kai. "A'a."

"In aka ce gobe hanya ta yi lafiya?"

"Ko sallar azahar ba za ta riske ni a nan ba."

"To ka ji."

Wani mai sayar da rake ya wuce yana kiran ciniki. Harira ta rufe bakin Tani da ke shirin kiran babanta.

"Malam," in ji Ɗanasabe, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ko da halal ce, nauyi take mini. Hannun da ya saba miƙawa..."

"Na sani. Bari in tambaye ka. Wannan damin na goma da kake warewa, wa kake kai wa?"

Nan fa bakin Ɗanasabe ya buɗe. Ya faɗi wata tsohuwa da 'ya'yanta suka rasu, da wani makaho a bakin kasuwa, da wani maƙeri da ciwon ƙafa ya kwantar. Har da yadda yake kai musu da sassafe kafin mutane su fito, don kada a gani.

"Kana raina su in sun karɓa?"

"Subhanallahi! Ni ke godiya. In sunka amsa, ji nake kamar an sauke mini dutse."

"An taɓa dawo maka da shi?"

Ɗanasabe ya kawar da kai. Harira ta san labarin, tana amarya aka yi. Maƙerin nan ne, shekarar farko ta ciwonsa, ya sa aka mayar da damin, ya ce shi bai kai nan ba tukuna.

"Sau ɗaya," ya ce. "Damin ya kwana ƙofar gida, ba ni iya shigar da shi, ba ni iya barinshi. Abinci ma bai yi mini daɗi ba sai da na je na roƙe shi."

"To yanzu haka akwai wani bawan Allah a Unguwar Dosa da abinci ba ya masa daɗi," in ji Malam, yana miƙewa yana kakkaɓe riga. "Ni dai na faɗa maka abin da na sani. Hatsinka yana da mai tsaronsa. Ran nan naka kuwa amana ce, kuma ba kai kaɗai kake da haƙƙi a cikinsa ba." Ya ɗan ɗaga murya yana duban labule. "A gaida mutanen gida."

Ɗanasabe ya raka shi, ya dawo ya naɗe tabarma. Harira ta yi ta satar kallonsa ko za ta karanci wani abu a fuskarsa, ba ta samu ba. Buhunan wofin suna nan a ninke a bakin ƙofa, bai ɗauke su ba, ita kuma ba ta da ƙarfin halin tambaya.

Da safiyar Asabar, rana ta ɗan ɗaga, aka danna ham a waje. Ɗanasabe ya riga ya sa doguwar rigarsa ta zuwa masallaci. Ya ɗauki buhunan ya saɓa a kafaɗa, ya shafa kan Tani, ya dubi Harira kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Sai na dawo." Ta ji ƙofar mota ta rufu. Ta ji ƙarar injin tana nisa har ta ɓace cikin hayaniyar layi.

Ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Ta zauna a dokin ƙofa, hannuwanta a cinya. Maƙwabciyarta ta leƙo neman ashana, ta miƙa mata ba tare da ta san ta miƙa ba. Ta tuna ranar da Nasiru ya tafi, shi ma haka ya ce, sai na dawo, yana dariya yana cewa ta tanadi turmi. Ta rinƙa faɗin sunayen Allah duk wanda ya zo bakinta, ba ta ma san me take roƙo ba, ita dai a bar mata shi, ko da baron, ko ba rumbu har abada.

Ana gab da kiran azahar Tani, wadda ke wasa a waje, ta ƙwala ihu, "Baba!"

Harira ta fito ko mayafi babu. Ga shi nan tafe daga bakin layi, doguwar rigar ta jiƙe sharkaf da gumi, ya naɗe hannuwanta, yana turo wani baron aro, buhun geron kwance a ciki da ɗinkin basillarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Ke, shiga ciki, mutane na kallo," ya ce, yana haki.

Sai da ya sauke buhun a tsakar ɗaki, ya sha ruwa moɗa biyu, sannan ta samu bakin magana.

"Da ka gaya mini! Baban Tani, da ka gaya mini, ai da ban mutu na dawo ba tun safe."

"Ni ma ban sani ba." Ya goge fuska da hula. "Wallahi da niyyar tahiya na shiga motar. Muna cikin gari, Mubarak na ta zuba, ni kuwa ba abin da nake gani sai buhun nan jingine cikin lungu shi kaɗai. Na ce mai sauke ni nan. Ya ce ka yi mantuwa? Na ce awo, babba."

"Alhajin me ya ce?"

"Yana ganina ya taso ya kama hannuna da hannu biyu. Harira, mutumin nan da yaran shago ke rawar jiki gabanshi, shi ke ce mini na gode, na gode. Na rasa inda zan sa fuskata." Ya juya baya yana gyara buhun da ba ya buƙatar gyara. "Na yi mishi addu'ar da tsohuwar nan take mini. Ashe ban manta ta ba."

Harira ta juya ta fuskanci gabas ta kai goshinta ƙasa, a nan kan sumuntin da ya fashe, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta gode wa Allah da ya san akwai irin mijinta a duniya, masu arziki a nesa da yunwa a kusa, ya kuma ajiye musu rabonsu tun kafin a haife su. Ta sa wa Malam albarka, da Malama Jamila mai bakin tsiya, da Alhajin Unguwar Dosa. Ta roƙa wa Nasiru sauƙi duk inda yake.

Da ta ɗago, Ɗanasabe ya riga ya tsinke ɗinkin. Ya ɗebi geron a tafin hannu, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya jujjuya shi da ɗan yatsa, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna.

"Sun yi saurin yanka shi," ya ce. "Da sun bar shi ya ƙara ko mako guda ne. Amma ƙasar tana da kyau."

"To manomi. In tuƙa, ko sai ya ƙara mako gudan?"

Ya dube ta, dariya ta kuɓuce masa, ta gaske wannan karon, har Tani ta kama tayawa ba ta san dalili ba.

"Tuƙa," ya ce. "Ki tuƙa da yawa. Ki zuba na gidan Malam a babban kwano, ya ce yana da baƙi."